Kukan Keken Fatsa

Bana ma azumin maƙwabta ya faɗo tsakiyar bazara, kamar waccan shekarar. Tun da hantsi gari ke ɗaukar zafi, kwanon rufi ya yi ta ƙas-ƙas, wuta kuwa sai an ga dama ake kawowa. Hadari ya taso ta gabas ya yi baƙi ƙirin, mu yi maza mu kwashe shanya, sai iska ta watsa shi ta bar mu da gumi. Ni ina zaune a tsakar gidanmu na Tarauni da mafici a hannu ina yi wa Baban Dauda fifita, shi kuma yana kan keken marasa lafiya yana kallon bango. Tun da hawan jini ya kayar da shi kafin Kirsimeti ya shanye masa ɓarin dama, mijin nan nawa bai ce mini uffan ba. Likita ta ce harshen bai mutu ba, mu yi ta yi masa magana, mu riƙa ba shi abubuwan da ya sani yana riƙewa. Na yi surutu har na gaji da jin muryata. Tsorona ɗaya ne kuma ba na ɓoye shi, kada mutumin nan ya tafi ya bar ni bai sake kiran sunana ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san irin wannan shirun. Na taɓa zama da shi shekara talatin da wani abu da suka wuce, lokacin muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, Dauda yana goye a bayana.

A lokacin keke uku ne a ɗakinmu. Akwai keken hawa na Baban Dauda, wanda yake zuwa masaƙa da shi. Akwai keken ɗinkina, baƙi, mai takawa da ƙafa, wanda na taho da shi daga gida Kafanchan ranar da aka kawo ni Kano. Sai na ukun, keken fatsa. Wani ɗan inji ne da bai wuce dunƙulen hannu ba, ana ɗaura shi a gindin sandar kamun kifi, zare na naɗe a jikinsa, da hannu a gefe da ake juyawa a jawo kifin. Wani injiniya Ba'indiye ne ya bar wa Baban Dauda da zai koma ƙasarsu. Ba mu san sunan injin na gaskiya ba, mu dai duk abin da yake juyawa keke ne. In ya ce, "Saratu, miƙo mini man keke," sai in ce, "Na wane keken? Naka ko nawa?" Ya ce, "Ai duk naki ne, har da mai kekunan." Haka muke, shi da zolaya, ni da baki.

Sai aka rage ma'aikata a masaƙa, sunansa ya fito a ciki. Mutumin da ya saba kullum yana cikin ƙarar injuna, wanda in ya dawo gida sai na ce ya rage murya don ya ɗauka har yanzu yana can, shi ne ya wayi gari babu inda za shi. Da farko ya yi ta yawon neman aiki a kan keke, Sharaɗa, Bompai, ya dawo riga jiƙe sharkaf. Ko'ina maganar ɗaya ce, su ma ragewa suke yi. Da abinci ya ƙare aka sayar da keken hawa. Ranar da mai sayen ya tura shi ya fita daga zaure, Baban Dauda ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a gindin katanga, wajen da inuwa take daɗewa, ya zauna. Daga nan maganarsa ta fara ƙarewa. Ya daina zuwa coci, ya daina ɗaukar yaro, in na ajiye masa tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwanon.

Kai, waccan bazarar! Namu azumin ya wuce da Ista, na Musulmi ya kama, zafi kuwa kamar a bakin murhu. Rijiyar gidan ta ja baya, sai ka zura guga har ƙarshen igiya ka jawo rabin ruwa rabin laka, ka ajiye ya kwanta. Famfon unguwa sai kurum ya yi tari ya yi shiru. Kwatar ƙofar gida ta bushe ta bar wari. Kananzir ya yi wuya, mata mu yi layi da kwalabe a rana har ƙafa ta yi zafi ta cikin silifa, a ce ya ƙare. Da safe in jiƙa ƙanzon jiya in sa gishiri, da rana garin rogo, da yamma tuwon masara da miyar kuka lami, babu mai babu nama, sai daddawa da barkono. Nonona ya fara ɗaukewa. Dauda ya yi ta tsotsa yana kuka, wuyansa duk ƙurajen zafi, ga shi ana ta maganar sanƙarau a unguwa.

Ba don Inna Tabawa ba, ban san yadda za mu yi ba. Ita ce uwar mai gidan da muke haya, tsohuwa siririya mai faɗa kamar me, amma duk magariba in an sha ruwa sai ta aiko mana da kunun tsamiya da ƙosai. Na ce, "Inna, mu da ba ma azumi?" Ta ce, "Ke rufe mini baki. Wa ya kai ku azumi a gidan nan?" Sai ta kalli gindin katanga ta rage murya. "Maman Dauda, mijin nan naki fa zaman nan ba na lafiya ba ne. Namiji in ya yi irin wannan shirun, a nema masa abin yi tun da wuri."

Wata rana da hantsi na ji ɗan gwangwan yana wucewa, masu sayen tsofaffin ƙarafan nan. Na shiga ƙarƙashin gado ina neman abin da zan ba shi, hannuna ya faɗa kan keken fatsa, naɗe a tsohuwar singileti. Na fito da shi tsakar gida, na ɗan juya hannun in ga ko yana aiki. Sai ya yi kukansa, ƙir-ƙir-ƙir, da ƙyar, don ya sha ƙura.

"Ajiye."

Na waiga. Baban Dauda ne, ya ɗago kai. Rabon da in ji muryarsa har na manta.

Na ce, "In ajiye mu ci me? Ƙarfe za mu dafa?"

Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya kara shi a kunne yana juyawa a hankali, kamar likita yana sauraron ƙirjin yaro. Ya ce, "Ya bushe. Kawo mini faranti, da sauran kananzir ɗin fitila, da man kekenki."

Kananzir ɗin da na sha rana a kansa! Na buɗe baki zan yi masifa, sai na ga idonsa, na haɗiye. Ranar ya wuni yana kwance keken nan ɗaya bayan ɗaya, yana jera kowane yanki a farantin tangaran bi da bi, don kada ya rikice wajen mayarwa. Ya wanke haƙoran da kananzir da tsohon buroshin haƙori, baƙin giris ya yi ta fita. Woshar da ke riƙe zare ta cinye, ya yanko sabuwa daga fatar tsohon takalminsa na zuwa aiki. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar harshen tsuntsu, da wata siririyar waya mai lanƙwasa da take danna shi a kan haƙoran. Ya ce, "Kin ga wannan harshen? Shi ne yake kukan. Shi ne kuma yake hana hannun komawa baya in kifi ya ja. Sifirin ɗin nan ne ransa." Ni ba bayanin nake saurara ba, muryar nake saurara. Da ya gama ya ɗiga man keke, ya juya, kukan ya fito ras, har Inna Tabawa ta leƙo daga ɗakinta tana tambaya ko gyare ne ya shigo gidan.

Daga ranar gidan ya samu tsari. Da sassafe ya haƙo tana a bayan wajen wanke-wanke, inda ƙasa ke da ɗan danshi. Ya fita titin Zariya ya roƙi direbobin tifar yashi su rage masa hanya zuwa Tamburawa. Kogin ya janye ya bar yashi fari fat, masunta sun tace ƙananan ruwayen da taru, amma akwai ramuka masu zurfi da masu ɗiban yashi suka bari, can tsakiya, inda manyan tarwaɗa suke ɓuya. Mai sandar gora ba ya kaiwa can, shi kuwa da kekensa yana jefawa har tsakiyar. Ya dawo da la'asar fuska ta ƙone, leɓe ya tsage, da tarwaɗa biyu ko uku a buhu, wata rana karfasa, wata rana ba komai. In fasa, in wanke da toka don santsin ya fita, in kai wa Inna nata, in yi bandar sauran a kan waya. Miyar kuka ta samu rai. Nonona ya dawo. Kafin magariba kuma ya baje farantinsa ya goge yashin da ya shiga keken, ya ɗiga mai, ya juya. Shi yana ƙir-ƙir a waje, ni ina taka nawa a ɗaki, don ɗinkin Sallah ya fara taruwa, atamfofin matan unguwa sun yi tsibi a kan gado.

Ana cikin goman tsakiya na azumi abin ya faru. Ya dawo tun rana tana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, yatsunsa sun kumbura, zare ya cukurkuɗe a jikin keken kamar gashin da bai ga mataji ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Wani ƙaton kifi ne ya kama, suna cikin ja, sifirin ɗin ya karye, hannun ya saki ya yi ta juyawa baya yana dukan yatsunsa, kifin ya tafi da ƙugiya. Ya kwance keken, ya ɗago guntayen wayar biyu a tafin hannu ya kalla. Ya gwada wayar tsintsiya, ta lanƙwashe. Ya gwada fil, ya karye. Na ɗauki guntayen na kai wa mai gyaran agogo a kasuwar Tarauni, ya ce nasa sun yi ƙanana. Na taka har Sabon Gari da goyo a wannan rana, aka ce irin wannan sai an kawo kaya daga Legas, kaya kuwa ba sa zuwa. Da na dawo na tarar ya naɗe keken a singileti, ya shimfiɗa tabarma a gindin katanga, yana kallon ƙasa. Na yi masa magana bai amsa ba. Gabana ya faɗi, don na san inda wannan hanyar take zuwa.

Washegari ina zaune a kan kekena ina zura zare, idona ya tsaya a kan wata 'yar waya da ke gaban keken, wadda take ɗaga zare tana saukewa duk ɗinki ɗaya. Kullum ina ganinta, ban taɓa kallonta ba sai ranar. Siririya ce, mai tauri, in ka ja ta ka saki sai ta koma inda take. Na kalli tsibin atamfofi. Na leƙa ta taga na kalli gindin katanga. Na ɗauko sukundireba.

Na ajiye masa ita a kan gwiwa. Ya ɗauka, ya danna da farce, ta dawo. Ya sake dannawa. Sai ya ɗago ya kalle ni, don shi mutumin injuna ne, ya san daga inda ta fito.

"Saratu, kekenki fa?"

Na ce, "Ina ruwanka da kekena? Gyara naka ka tashi ka ba ni wuri, na gaji da share gefenka."

Ya lanƙwasa ta da filaya, ya rage tsawonta, ya ɗora a kan harshen. Kukan da ya fito ya ɗan bambanta da na da, ya fi kaifi. Washegari ya bi tifar yashi.

Ni kuwa na shiga uku. Keken ɗinki babu wannan wayar, sai ya yi ta tsallake ɗinki, zare ya dunƙule a ƙasa ya tsinke. Na yi dabara iri-iri, ya ƙi. Ga Sallah ta ƙarato. Wasu matan da suka ji labari suka zo suka karɓe atamfofinsu, ban ga laifinsu ba, wata ma har yau ba ta sake kawo mini ɗinki ba. Inna Tabawa ta tsaya a ƙofar ɗakina ta riƙe haɓa. "Amma ke dai anya kanki ɗaya? Ki kashe keken da ke ciyar da ke ga Sallah a bakin ƙofa, saboda abin wasan kama kifi?" Na ce, "Inna, ba ke kika ce a nema masa abin yi ba?" Ta yi tsaki ta tafi. Can sai ga ta ta dawo da tabarma da surukarta da 'yan matan gidan, kowa da allura. Ni in yanka in kafa, su su bi da hannu. Bakinsu ya bushe da azumi, gumi na ɗiga a kan atamfa, Inna tana zagina tana zura zare, tana cewa in ɗinkin ya warware a filin Idi ba ruwanta. Yatsuna suka huje, har ruwan barkono ba na iya taɓawa. Mun gama abin da ya rage, ba kyau sosai, amma an sa.

Ruwan farko bai sauka ba sai bayan Sallah. Da yamma ne, iska ta fara kawo ƙamshin ƙasa, sai yayyafi, sai ya tsuge. Muka jera bokitai da tukwane a bakin indararo, yaran gida suna tsalle tsirara. Baban Dauda ya shigo jiƙe da sanda a kafaɗa yana dariya, yana ƙwala mini kira tun daga zaure da wannan muryar tasa ta masaƙa. Kekena ya yi watanni a rufe kafin a samo masa waya. Shi kuma daga baya ya samu aikin gyaran injin niƙa, muka yi ta lallaɓawa har muka gina nan Tarauni. Bai taɓa canja wayar nan da na ba shi ba. Duk ranar Asabar sai ya baje faranti, ko zai je kogi ko ba zai je ba.

To, makon jiya Dauda ya zo. Yanzu magidanci ne, yana Darmanawa da iyalinsa. Ya ji abin da likita ta ce, sai ya ɗauke keken fatsa bai gaya mini ba, wai zai yi wa babansa bazata. Yanzu ai komai a waya ake saye, ka danna a kawo maka har ƙofar gida. Ya sayo sabon hannu, sabbin wosha, giris mai launin shuɗi, da wani boris da ba ya komawa baya. Jiya da la'asar ya shigo da shi yana walƙiya, ya durƙusa gaban keken babansa.

"Baba, ga kekenka. Na gyara maka shi, ya fi sabo."

Ya saka masa sandar a tsakanin gwiwoyi, ya ɗora masa hannun hagu a kai. Baban Dauda ya juya. Abin ya tafi sumul, ko motsin iska ba ka ji. Ya sake juyawa, ya ɗan karkato da kunne. Sai ya saki, hannun ya faɗi a cinyarsa, ya mayar da ido bango.

Na ce, "Dauda, ina kukan?"

"Wane kuka, Mama? Ai wannan ƙarar tsohon yayi ce. Na cire harshen, na zamani ba sa ƙara."

"Ka cire? Uban wa ya aike ka?" Haka na ce wa ɗan da na haifa, a gaban ubansa. Sai na ga idon yaron ya ciko, ƙato da shi, na tuna shi ma mahaifinsa yake nema. Na sassauta. Na ce, "Ina ka kai tarkacen?"

Ya ɗauko gwangwanin madara daga mota. Harshen yana ciki. Wayar kuwa ta yi tsatsa, ta karye biyu wajen cirewa. Ya ce, "Ko a ina aka samo wannan ma oho, ba ta keken ba ce." Na ce, "Na san ba tasa ba ce."

Yanzu irin wayar nan tuli take a kasuwar Tarauni, ko yaro ka aika zai kawo. Dauda ya ce bari ya je. Na ce ba zan iya jira ba. Na shiga ɗaki, na yaye zanen da ke kan baƙin kekena, wanda har yau da shi nake ɗan taɓa ɗinkin da muke sayen magani, na ɗauko sukundireba. Idona ya yi rauni, amma na cire ta. Na sa Dauda ya kawo faranti, ya fitar da boris ɗinsa, ya goge giris ɗin da ya cika, ya mayar da harshen. Na nuna masa inda zai lanƙwasa da inda zai rage, yadda na ga an yi a Gyaɗi-Gyaɗi. Sau biyu tana fallewa muna nemanta a ƙasa. Ana kiran sallar magariba a masallacin bayanmu muka ɗaure noti na ƙarshe.

Na mayar wa Baban Dauda da sandar tsakanin gwiwoyi. Na ɗora hannunsa, na juya tare da shi.

Ƙir-ƙir-ƙir.

Na janye nawa hannun. Ya tsaya cik. Ya juya da kansa, a hankali, ya karkato da kunne. Ya sake juyawa. Sannan ya ɗauke ido daga bango, ya bi ƙofar ɗakina da na bari a buɗe, inda kekena yake tsaye gabansa a kwance. Bakinsa ya fara motsi, ɓari ɗaya na ja, yawu na zuba. Dauda ya matso zai goge masa, na riƙe shi.

"Sa... Saratu." Ya huta, ya ja numfashi. "Kekenki... fa?"

Hannun dama yana nan a mace, ƙafar ma haka, ruwa kuma har yau bai sauka ba. Ban sani ba ko gobe zai ƙara wata kalmar. Na durƙusa a kan siminti mai zafi, hawaye sun hana ni ganin fuskarsa, na ce, "Ina ruwanka da kekena? Juya naka mu ji."